Wa Ke Zaɓa Wa Kwamfutar Majidaɗi Fuska?

A makon ƙarshe na watan Agustan 1991 an yi abubuwa biyu da a lokacin babu wanda zai ga alaƙa tsakaninsu. Ranar 25 ga wata wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta zuciyar wata manhaja mai tafiyar da kwamfuta, wadda kowa zai iya ɗauka kyauta ya duba cikinta ya gyara, ita ce daga baya aka sani da Linux. Ranar 27 kuma gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta raba Jihar Gongola gida biyu, aka sami Adamawa da Taraba, Jalingo, garin da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa a 1893, ya wayi gari babban birnin jiha. Inda aka kafa sakatariya da ma'aikatu kuwa, takarda takan biyo baya: takardar neman aiki, takardar neman kwangila, takardar shaidar ƙaramar hukuma, wasiƙar koke. Masu tafireta suka fara cin wannan kasuwa, kafin kwamfuta ta ture su, shagunan buga takardu suka bazu daga titin Hammaruwa zuwa cikin unguwanni irin su Majidaɗi da Sintali da Turaki da Barade. A tsawon waɗannan shekaru talatin da 'yan kai, mai shagon nan ya zaɓi janareta, ya zaɓi firinta, ya zaɓi yaron da zai ɗauka aiki, amma abin da yake kallo a allon kwamfutarsa daga safe zuwa dare wani ne ya zaɓa masa, kuma yawanci bai ma san akwai zaɓi ba. Ra'ayina shi ne tarihin wannan zaɓi, a Turai da Abuja da nan gida, yana nuna abu guda: fuskar kwamfutar da take daɗewa a wuri ita ce wadda hannun mutanen wurin ya saba da ita, wadda kuma akwai mai gyaranta a kusa, ko da ba ita ce ta fi kyau ba.

Sai an fayyace abin da ake nufi da fuska. Zuciyar manhaja, wadda Torvalds ya rubuta, ba a ganinta. Aikinta raba ƙwaƙwalwar na'ura tsakanin ayyuka da yi wa firinta da filash da allon rubutu magana. Abin da ido ke gani, wato sandar da ke ƙasan allo, da maɓallin da ake dannawa jerin manhajoji ya fito, da tagogin da ake buɗewa a rufe, da jakunkunan ajiye takardu, da agogo da alamar batir, wannan wani sashe ne dabam. Shi ne zauren gidan: nan baƙo ke fara sallama, daga nan yake yanke hukunci a kan gidan duka. A Windows da Mac zauren a manne yake da gidan, kamfani ɗaya ya gina su, ba a raba su. A Linux da 'yan uwanta ana iya rushe zauren a gina wani ba tare da an taɓa ɗakuna ba, shi ya sa tambayar wace fuska za a zaɓa take da ma'ana a can kaɗai.

Tsarin tagogi da linzamin kwamfuta ya bunƙasa ne a cibiyar binciken kamfanin Xerox a Kalifoniya cikin shekarun 1970, Apple ya kai shi kasuwa da Macintosh a 1984, Microsoft kuma ya cusa shi kowane ofis da Windows 95. Masu Linux a lokacin yawanci suna fama da baƙin allo da umarni da ake bugawa da hannu, abin da ba zai yi wa sakatare ko ɗan makaranta amfani ba. A watan Oktoban 1996 wani ɗalibi a Jami'ar Tubingen ta Jamus, Matthias Ettrich, ya kira masu sha'awa su haɗu su gina cikakkiyar fuska mai tsari ɗaya, aka haifi KDE. Sai dai kayan ginin da ya ɗauka, Qt, mallakar wani kamfanin Norwe ne mai suna Trolltech, kuma lasisinsa bai ba kowa 'yancin gyarawa da rabawa yadda mabiya Richard Stallman, jagoran masu fafutukar 'yancin manhaja, suke buƙata ba. Saboda wannan saɓani na aƙida wasu matasa biyu 'yan Meziko, Miguel de Icaza da Federico Mena, suka kafa GNOME a watan Agustan 1997. KDE ta fitar da kammalallen bugunta na farko a 1998, GNOME a 1999. A shekarar 2000 Trolltech ya saki Qt a ƙarƙashin lasisin da mabiya Stallman suke buƙata, dalilin faɗan ya kau, amma gidajen biyu suka ci gaba da zamansu dabam, domin kowanne ya riga ya tara jama'arsa da ɗabi'unsa. A gefe guda kuma wani Bafaranshe, Olivier Fourdan, ya fara Xfce tun 1996, ƙaramar fuska mara kwalliya da ba ta cin ƙwaƙwalwa, a 2006 wani ɗan Taiwan, Hong Jen Yee, ya zo da LXDE wadda ta fi ta sauƙi ma. Waɗannan biyun ba su taɓa samun kuɗin da manyan suka samu ba, su ne kuma suka fi shafar mai tsohuwar kwamfuta.

Nijeriya ta shiga wannan labari da ƙarfi a 2007, kuma abin da ya faru ya cancanci a tsaya a kansa. Nicholas Negroponte na cibiyar MIT ta Amurka ya shelanta shirin ba kowane yaro kwamfuta a 2005, da alƙawarin na'ura a kan dala 100, gwamnatin Olusegun Obasanjo kuma tana cikin na farko da suka nuna sha'awar sayen miliyan guda. A watan Maris na 2007 aka raba 'yan ɗaruruwan na'urorin nan masu launin kore da fari, XO, ga yaran makarantar firamare ta Galadima a wajen Abuja. Linux ce a cikinsu, amma fuskarsu sabuwa ce fil, sunanta Sugar, an ƙera ta musamman don yara bisa tunanin masanin ilimi Seymour Papert cewa yaro yana koyo ne ta hanyar ƙirƙira. Babu maɓallin farawa a kusurwa, babu jakunkuna. Yaro zai ga alamar kansa a tsakiyar allo, ayyukan da zai iya yi suna kewaye da shi, idan ya danna wani maɓalli sai ya ga alamomin abokansa da ke kusa ya gayyace su su yi rubutu ko zane tare, duk abin da ya yi kuma yana shiga wani littafin tarihi da kansa ba sai ya adana ba. Tunani ne mai zurfi, yaran ma sun kama shi da wuri, har rahotannin lokacin suka nuna wasunsu sun koyi kwance na'urar suna gyara wa junansu. Abin da aka rasa shi ne duk sauran: wuta, kuɗin intanet, malaman da aka horar sosai, kayan gyara. Obasanjo ya sauka a watan Mayu, odar miliyan ba ta tabbata ba, a ƙarshen shekarar kuma wani kamfani mai suna LANCOR ya kai shirin ƙara a Legas yana zargin an kwaikwayi allon rubutunsa na harsunan Nijeriya. Wanda zai ce laifin Sugar ne sai ya dubi Yurugwai, inda aka fara raba na'urar nan da fuskar nan a shekarar nan ɗaya, zuwa 2009 kowane ɗan firamaren gwamnati ya samu, shirin kuma ya rayu, saboda an kafa hukuma ta dindindin mai kula da gyara da horarwa da haɗa makarantu da intanet. Fuska ɗaya ce a wuraren biyu. Bambancin a masu riƙe ta yake.

A wannan shekarar dai aka yi wata rigimar. An ƙulla cinikin ƙananan kwamfutoci 17,000 na Intel, Classmate, don makarantun Nijeriya, ɗauke da Linux ta kamfanin Mandriva na Faransa. Ranar 31 ga Oktoba shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugaban Microsoft, Steve Ballmer, yana kukan cewa an sanar da shi za a biya kuɗin Mandriva amma a goge ta a sa Windows. Bayan 'yan kwanaki hukumar gwamnati da ke biyan mafi yawan kuɗin ta ce za ta bar Linux ɗin. Jaridun duniya suka yi ta muhawara a kan wanda ya ci wanda ya faɗi, a duk muhawarar kuwa babu muryar malamin da zai tsaya gaban aji da na'urar. Kafin wannan, a wajajen 2006, wani kamfanin Nijeriya, Leapsoft, ya fitar da Wazobia Linux mai fassarar Hausa da Yarabanci da Ibo, aiki na kishin ƙasa da bai sami kasuwar da za ta ciyar da shi ba, ya ɓace. Shi kansa kamfanin Mandriva ya rufe a 2015, amma manhajarsa ta ci gaba a hannun masu amfani da ita da suka ɓalle suka kafa Mageia tun 2010.

Irin wannan ɓallewa ta fi bayyana a 2011, shekarar da manyan gidaje suka yi wa jama'arsu abin da Abuja ta yi wa Galadima. Wayoyi masu allon taɓawa sun fara mamaye duniya, masu tsara fuska suka ɗauka makomar kwamfuta ma ke nan. A watan Afrilu GNOME ta fitar da bugu na 3, ta cire sandar ƙasa da jerin manhajoji da aka saba, ta kawo manyan alamomi da allon da ke tattaro tagogi wuri ɗaya. A watan nan ɗaya Linux ta Ubuntu, wadda attajirin Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa a 2004 kuma ta yi suna wajen aika faifai kyauta ta gidan waya zuwa kowace ƙasa, ta zo da tata sabuwar fuskar, Unity. Mutanen da suka shekara goma hannunsu na zuwa wuri ɗaya ba tare da tunani ba suka wayi gari suna lalube. Torvalds da kansa ya yi tir da GNOME 3 ya koma Xfce na wani lokaci. Kafin shekarar ta ƙare wani ɗan Ajantina ya ɗauki tsohuwar GNOME 2 ya ci gaba da raya ta da sunan MATE, Clement Lefebvre na Linux Mint kuma ya gina Cinnamon, sabon inji da tsohon tsari. A 2017 Shuttleworth ya janye hannun kamfaninsa daga Unity, Ubuntu ta koma GNOME. Microsoft ma ya sha irin wannan a 2012 da Windows 8, ya cire maɓallin farawa, mutane suka ƙi, ya dawo da shi. Bambancin shi ne mai Windows sai ya jira kamfani ya tausaya masa, mai Linux kuwa lasisi ya ba shi ikon ɗaukar tsohuwar fuskar ya tafi da ita.

To a Majidaɗi wa ya yi zaɓin? Ba Negroponte ba ne, ba Ballmer ba ne. Mai gyara ne, saurayin nan da filash a aljihu. Kwamfutocin da ke shagunanmu yawanci na hannu ne, HP da Dell da Lenovo da ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su, suka sauka Legas, suka bi ta kasuwar Ikeja ko ta Kano kafin su iso Jalingo. Idan na'ura ta fara nauyi ko ƙwayar cuta ta cinye takardun filash, sai a kai wa mai gyara, ya ce, "Alhaji, sai an yi mata fomatin," ya goge komai, ya zuba abin da ke filash ɗinsa: Windows, Word, CorelDraw, sau da yawa kwafin da ba a biya lasisinsa ba. Abin da ubangidansa ya koya masa ke nan, shi ma abin da zai koya wa yaronsa ke nan. Haka aka bi daga XP zuwa Windows 7 zuwa 10, kuma tsarin ya yi aiki, domin ya cika sharaɗin da Galadima ta rasa: akwai mai gyara a bakin titi. Yanzu ne igiyar ta fara tsinkewa. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 kariyar da ya saba bayarwa, Windows 11 kuma tana neman wani guntun tsaro na musamman da injin da bai tsufa ba, sharaɗin da ɗimbin na'urorin da ke kan teburanmu ba su cika ba. Na'ura lafiyarta lau, amma an bar ta babu mai toshe mata ɓaraka, alhali a kanta ake cika wa mutane fom mai ɗauke da lambar shaidar ɗan ƙasa da ta banki.

A nan ne zaɓin fuska ya zama maganar Jalingo, kuma ba zan ɓoye inda na karkata ba. Ga tsohuwar na'ura mai ƙwaƙwalwar gigabait 4 ko ƙasa da haka, Xfce ko MATE, a kan Linux Mint, su suka fi dacewa. Ga wadda ta ɗan fi ƙarfi, Cinnamon ko KDE, wadda ta rage nauyi sosai tun 2014. Dalilin farko na'urar ce: fuska mai motsi da inuwa da kwalliya tana cin ƙwaƙwalwar da ya kamata ta tafi ga aikin kwastoma. Na biyu wuta ce. Wanda yake aiki tsakanin ɗaukewar wutar kamfanin Yola da tsadar fetur, da batirin da ya gaji, yana lissafin mintoci ne, na'urar da za ta tashi da sauri ta buɗe takarda kafin janareta ya sha lita ta fi masa. Na uku data: Ubuntu da a 2004 take shiga faifai ɗaya yanzu ta haura gigabait 5, Mint kuwa ba ta kai 3 ba, kuma ana kula da kowane babban bugunta shekara biyar. Na huɗu, wanda ya fi duka, hannu ne. Yarinyar da ta koyi buga takarda a kan Windows 7 za ta sami maɓallin farawa a kusurwar hagu ta ƙasa, agogo a dama, jakunkuna a inda ta bar su, a yini ɗaya ta ci gaba da aiki. Xfce ta daɗe ba ta yi wa masu ita juyin mulki ba, wannan jinkirin da wasu ke raina mata shi ne abin da mai shago ke buƙata.

Akwai hujjoji masu nauyi a kan wannan ra'ayi. Mafi ƙarfinsu ita ce CorelDraw. Katin ɗaurin aure, kalandar siyasa, sitika ta walimar sauka, allon makaranta, duk da ita ake yinsu a arewa, kuma ba ta da bugun Linux. Inkscape, takwararta da ke aiki a Linux, na iya yin zanen, amma maɗaba'ar da za a kai wa aikin fayil ɗin Corel take nema, yaron shago kuma Corel ya iya. Gaskiya ce, kuma wanda abincinsa ke kan zane ya bar na'urar zanen yadda take, ya cire ta daga intanet in ya iya. Sai dai ba duk na'urorin shago ke zane ba. Tun da JAMB ta fara jarrabawa a kan kwamfuta a 2013 ta kuma mayar da ita tilas a 2015, yawancin aikin ya koma cikin intanet: duba sakamako, fom ɗin makaranta, biyan kuɗin Jami'ar Jihar Taraba, neman aikin soja da ɗan sanda. Firefox da Chrome kuwa iri ɗaya suke a kowace fuska. Wasiƙa da takardar neman aiki LibreOffice, madadin Word a Linux, na buga su, ko da yake takardar Word mai tebura da yawa takan ɗan karkace idan aka buɗe ta a can, wanda zai ba ɗalibi aikin kammala karatunsa dole ya duba shafi-shafi.

Hujja ta biyu ita ce yawan fuskokin kansa cuta ne, ya raba ƙarfin masu aiki, ya rikita sabon shiga, kuma shi ya hana Linux cin kasuwar kwamfutar tebur. Torvalds ma ya sha kokawa da wannan rarrabuwa. Ban musa ba. Amma da a ce fuska ɗaya ce tak, da wadda manyan kamfanoni ke biya ce, wadda aka auna da sabuwar na'urar injiniyan Turai, da tsohuwar Dell ta Majidaɗi ba ta da wurin zuwa. Rikicewar kuma tana da magani a matakin gari: idan masu gyara na Jalingo suka daidaita a kan fuska ɗaya ko biyu suka sa a filash ɗinsu, kwastoma ba zai taɓa jin akwai goma ba. Wasu kuma za su ce neman fuska mai kama da Windows bauta ce ga tsohuwar ɗabi'a, yara ba su da abin da suka saba, a ba su sabon tsari. Yaran Galadima sun nuna yaro na iya koyon komai, haka ne. Amma yaron zai zauna jarrabawa a ɗakin da aka jera na'urori masu tsarin da aka saba, malaminsa ma da shi ya saba, kuma idan na'urar makaranta ta tsaya mai gyaran bakin titi za a kira. Masu cewa waya ta gama da kwamfuta kuwa, su tuna Android da ke cikin Tecno da Itel da Infinix ita ma zuciyar Linux ce, fuskarta kamfani ya zaɓa ya cika ta da talla, kuma har yanzu babu mai buga shafi sittin da babban yatsa.

Inda duk fuskokin suka gaza mana shi ne harshe. Tsarin allon rubutu na Hausar Nijeriya, mai ɓ da ɗ da ƙ, yana cikin kusan kowace Linux, a Xfce ko MATE ko KDE sai dai a shiga saituna a ƙara shi, abin da zai raba takardunmu da rubuta ƙasa kamar kasa. Amma kalmomin fuskar kanta, buɗe da rufe da adana da goge, fassararsu ta Hausa kaɗan ce ƙwarai kuma yawancinta ta tsufa, alhali Microsoft ya fitar da Windows da Hausa tun shekarun baya. Fulfulde da Mumuye da Jukun, waɗanda ake ji kullum a kasuwar Jalingo, ba a ma fara maganarsu sosai ba. Fayilolin fassarar a buɗe suke, jimloli ne gajeru a jere, na Turanci a sama, gurbin fassara a ƙasa, ba sa buƙatar ilimin rubuta manhaja, kuma ƙaramar fuska irin Xfce jimlolinta ba su kai na GNOME ko KDE yawa ba. Aiki ne da ɗaliban harsuna da na kimiyyar kwamfuta a Jalingo da Wukari da Zing za su iya ɗauka tare da malamansu, sharaɗin dai a sami masu komawa kansa duk lokacin da sabon bugu ya fito da sababbin jimloli.